Daga Abijan zuwa Tessalit: yadda aka kai dakaru arewacin Mali, da yadda aka fitar da su

Ranar 10 ga Janairu 2013 garin Konna ya faɗa hannun mayaƙan Ansar Dine, ƙungiyar masu iƙirarin jihadi, da abokan tafiyarsu da ke riƙe da arewacin Mali. Konna ba wani babban gari ba ne, amma tsakaninsa da Sevare bai wuce kilomita 70 ba, kuma a Sevare ne filin jirgin saman da ya fi kowanne muhimmanci a tsakiyar Mali yake. Da filin nan ya kuɓuce, duk wanda zai kawo wa gwamnatin Mali ɗauki sai dai ya sauka a Bamako, ya kama hanyar mota ta sama da kilomita 600 kafin ya ga fagen daga. Washegari Faransa ta shiga yaƙin bisa roƙon shugaban riƙon ƙwarya Dioncounda Traoré. Ranar 8 ga Fabrairu, wata guda bai cika ba, sojojinta suna Tessalit kusa da iyakar Aljeriya, wajen kilomita 1,700 daga Bamako ta ƙasa.

Mai kallon labarai abin da ya gani jiragen yaƙi ne da motocin sulke. Hafsan da ke tsara tafiyar kuwa ba su yake ƙirgawa ba. Tan nawa, lita nawa, sa'a nawa, gada nawa: lissafinsa ke nan. Runduna ba ta tsayawa inda janar ya ɗora yatsa a taswira, tana tsayawa ne inda mai da ruwa da harsashi za su iya riskarta kullum ba fashi. Yaƙin Mali ya nuna wannan a fili sau biyu, lokacin shiga da lokacin fita.

Saurin da aka gani a makon farko ba daga Faransa ya taso ba. Ya taso ne daga sansanonin da ta riga ta girke a yankin shekaru kafin a buƙace su. Jirage masu saukar ungulu ƙirar Gazelle da suka fara kai hari a kusa da Konna ranar 11 ga wata na dakarun musamman ne da ke zaune a Burkina Faso, kuma a harin nan ne aka kashe matuƙi Laftanar Damien Boiteux. Jiragen Mirage sun taso daga Njamena, wajen kilomita 2,000 daga inda za su jefa bam, abin da ba zai yiwu ba sai da jiragen da ke ba su mai a sararin sama. Sojojin ƙasa na farko da suka sauka Bamako su ma daga Cadi aka kwaso su. Daga Abijan kuma aka haɗa ayari na motoci wajen 60, har da motocin sulke masu ƙafa shida ƙirar Sagaie, suka bar gari ranar 12 ga wata suka shiga Bamako bayan kwana biyu zuwa uku, tafiyar wajen kilomita 1,300. Jiragen Rafale huɗu da suka taso daga Saint-Dizier ranar 13 ga wata sun shafe sama da sa'a tara a sama, suka kai hari a yankin Gao, sannan suka sauka a Njamena, don komawa gida kullum ba abu ne mai yiwuwa ba.

Amfanin girke runduna kusa ba gajeruwar hanya ce kaɗai ba. Sojan da ya yi watanni a Cadi jikinsa ya saba da zafi, motarsa tana nan da tayoyinta da kayan gyaranta, harsashinsa yana rumbu kusa da shi, kuma ya san kwamandansa. Wanda aka ɗauko daga Turai a tsakiyar sanyin Janairu yana buƙatar kwanaki, galibi mako ɗaya zuwa biyu, kafin jikinsa ya iya aikin ƙarfi a zafin Sahel ba tare da ya faɗi ba.

Sauran rundunar, wadda ta kai sama da sojoji 4,000 cikin 'yan makonni, dole aka kawo ta daga nesa, kuma a nan ne raunin Faransa ya bayyana. Jiragen dakon kayanta na wancan lokaci, Transall da Hercules, na matsakaicin zango ne. Transall iyakarsa tan 16, Hercules wajen tan 20, kuma ba sa kai wannan nauyi idan tafiyar ta yi nisa, don mai da kaya a ma'auni ɗaya suke: kowane kilo na mai da aka ƙara kilo ne na kaya da aka rage. Sai da Birtaniya da Amurka da Kanada suka ba da jiragen C-17, masu ɗaukar sama da tan 70, aka kuma yi hayar manyan jiragen Antonov 124 da ke ɗaukar har tan 120. Beljiyam da Denmak sun kawo Hercules, Jamus ta kawo Transall don jigilar sojojin Afirka ta Yamma, Amurka kuma daga baya ta ƙara da jiragen ba da mai a sama. Ƙasar da ake ƙirgawa cikin manyan masu ƙarfin soji ta shiga yaƙi da aron fukafukai.

Duk da haka jirgin sama ba ya ɗaukar runduna mai nauyi. Motar sulke ƙirar VBCI ta kusa tan 30, ba ta shiga cikin Hercules ko kaɗan. Irin waɗannan sai ruwa. Jirgin ruwan yaƙi Dixmude ya bar Toulon ranar 21 ga Janairu ɗauke da motoci sama da ɗari, ya isa Dakar ranar 28, daga nan motocin suka kama hanyar Bamako ta sama da kilomita 1,200, daga Bamako kuma akwai wata 1,200 zuwa Gao. Kafin su isa, Gao da Tumbuktu sun riga sun koma hannun gwamnati. Wannan ba kuskure ba ne, haka lissafin yake ko'ina: abin da ya zo da sauri ba shi da nauyi, abin da ke da nauyi ba ya zuwa da sauri, kuma kwamanda ne zai zaɓi ko ya jira ko ya tafi da abin da ke hannunsa.

Saukar jirgi ma ba isowar runduna ba ce. Akwai aiki hawa huɗu tsakanin titin jirgi da fagen daga. Za a karɓi mutane da kaya a sauke. Za a tara su wuri guda, kowane rukuni ya haɗu da motocinsa da rediyonsa da harsashinsa. Za a tura su gaba. Sannan a haɗa su da rundunar da suka tarar, a daidaita mitar rediyo da kalmomin sirri da iyakar yankin kowa. Inda aka fi samun cikas shi ne hawa na farko da na biyu. Filin jirgi yana da iyakar yawan manyan jiragen da za su iya tsayawa a harabarsa lokaci guda. Idan wurin na jirgi uku ne kuma sauke kowanne yana cin sa'a uku, to ko jirgi ɗari aka ba ka aro, abin da zai shigo a yini bai wuce abin da harabar ta ɗauka ba. Injin ɗaga kaya guda ɗaya ya lalace, layi ya tsaya tun daga Turai. Haka kuma tsarin lodi: abin da za a fara buƙata shi ake sa wa a ƙarshe don ya fara fitowa. Idan an yi lodi don cika jirgi kawai, sai ka ga igwa ta iso yau, harsashinta jibi, motar da za ta ja ta kuwa tana cikin jirgin ruwa. A takarda bataliya ta iso, a ƙasa kuwa taron mutane ne masu jiran kaya.

Inda aka fara girke dakarun ya nuna abin da masu tsarin suka fi tsoro. Ranar 14 ga Janairu mayaƙan sun ɓullo ta yamma suka kama Diabaly, abin da ya nuna za su iya gangarowa Segu ba ta hanyar Mopti ba. Amsar da aka ba su ita ce tura runduna ta riƙe gadar Markala, madatsar ruwa ce da hanya ta bi ta kanta a Kogin Neja, arewa da Segu. A ƙasar da kogi ya raba biyu kuma gadoji ba su da yawa, ɗaruruwan sojoji a bakin gada guda sun fi dubbai da aka baza a daji. Haka aka yi a Gao: a daren 25 zuwa 26 ga Janairu abu biyu dakarun musamman suka fara kamawa, filin jirgi da gadar Wabaria. Garin kansa ya biyo baya. Da filin ya shiga hannu, jirage suka fara sauke ƙarin sojoji da kaya, ba a jira ayarin da ke tahowa ta Douentza ba.

A Tumbuktu an haɗa hanya biyu. Ayari ya taso ta ƙasa daga wajen Niono ya bi ta Lere da Niafunke da Goundam, sannan a daren 27 zuwa 28 ga wata jirage biyar da suka taso daga Abijan suka zubo sojojin lema wajen 250 a arewacin garin don tare hanyar gudu. Sojan lema yana sauka ne da abin da ya iya ɗauka a bayansa, ruwa da abinci da harsashin kwana biyu ko uku, ba mota ba igwa. Idan ayarin ƙasa bai riske shi ba ko ba a buɗe masa filin jirgi ba, wanda ya zo tarewa shi ne zai zama abin tarewa. Mayaƙan kuwa sun toshe titin jirgin Tumbuktu kafin su fice. Shi ya sa washegari aka sake zubo injiniyoyin soja ta lema tare da motar ture ƙasa, suka share titin. Wannan aikin da ba a cika ba da labarinsa ba shi ne ya mayar da kama Tumbuktu abin da za a iya riƙewa.

Tsarin ya zama na tsalle daga filin jirgi zuwa filin jirgi: Sevare, Gao, Tumbuktu, Kidal ranar 30 ga Janairu, Tessalit ranar 8 ga Fabrairu. Kowane fili zango ne, kamar yadda ayarin fatake ke tafiya daga rijiya zuwa rijiya. A Kidal guguwar rairayi ta tsare sojojin da suka sauka a filin, ta hana ƙarin jirage zuwa na ɗan lokaci, abin da ke tuna wa mai tsari cewa hanyar sama ma tana rufewa.

Sai dai ayarin mota shi ne ƙashin bayan komai, kuma shi ya fi cancantar a tsaya a kansa. Madugun ayarin soja yana raba shi uku. A gaba akwai jagaba: motocin leƙen hanya da injiniyoyi masu neman nakiya. A tsakiya akwai gangar jikin ayarin, wadda ake yankawa rukuni-rukuni na motoci ashirin ko ashirin da biyar, kowane rukuni da shugabansa da motocin rakiyarsa. A baya akwai motar janwe da bakanikai da motar asibiti da masu gadin baya. Motar da ta fi kowace nauyin tafiya ita ake sa wa kusa da gaba, don ita ce ke yanke saurin kowa. Idan aka bar ta a baya za a yi ta nisa da ita ba a sani ba. Tsakanin mota da mota ana barin mita 50 zuwa 100, don kada bam ɗaya ko kwanton ɓauna ɗaya ya ci biyu, kuma a kan burji ƙura kan tilasta a ƙara tazarar. Mota ɗari a tazarar mita ɗari ayari ne mai tsawon kilomita goma. Idan yana tafiyar kilomita 30 a sa'a, minti ashirin zai ɗauka kafin ya gama wuce wuri guda, kuma idan aka kai wa wutsiyarsa hari, na gaba ba su ma ji ƙarar ba sai ta rediyo.

Akwai wata cuta da kowane dogon ayari ke fama da ita. Motar gaba ta rage gudu a bakin rami ko kwazazzabo, na baya suka taru a kanta. Ta wuce ta ƙara wuta, ta biyu ta bi ta, kafin abin ya kai ga mota ta hamsin sai direba ya ga dole ya yi gudun da ya ninka na ayarin don ya cim ma na gabansa. A nan ake karya sifirin, a fasa taya, a kife tanka. Maganinsa shi ne na gaba ya ci gaba da tafiya a hankali bayan ya wuce cikas har sai na ƙarshe ya ba da sanarwar ya haye, kuma a kafa iyakar gudun cim ma ayari da ba wanda zai haura. Ana tsayawa ɗan hutu duk bayan kimanin sa'a biyu a duba taya da ruwan inji da ɗaurin kaya. Ana yada zango tun rana ba ta faɗi ba, a jera motoci da'ira ko murabba'i, bindigogi na kallon waje, tankokin mai da motocin harsashi a tsakiya amma nesa da juna. Mota ta lalace kuma, doka ce tun kafin a tashi: minti nawa za a ba bakanike, in bai gama ba a ja ta, in ba ta jawuwa a kwashe abin da ke cikinta a lalata ta. Ayarin da ya tsaya sa'a uku a fili saboda mota guda ya ba duk mai waya a ƙauyen kusa lokacin kiran wanda zai binne nakiya a gaba.

Lissafin mai shi ne ke nuna iyakar nisan da runduna za ta iya kaiwa. A ɗauka, don misali, ayarin mota ɗari ne, kowace tana shan lita 40 a kilomita ɗari. Daga Bamako zuwa Gao lita 48,000 ke nan, zuwa da dawowa 96,000. Idan tanka tana ɗaukar lita 30,000, fiye da tanka uku sun tafi a cikin ayarin kansa kafin a sauke wa mayaƙan gaba ko ɗigo. Wannan a kan kwalta ne. Da an sauka kan rairayi shan mai yakan kusa ninkawa, gudu ya ragu, matatar iska ta toshe da ƙura, tayoyi su yi ta fashewa a kan duwatsu. Kowane ƙarin zango yana cin kaso mafi girma na abin da aka ɗauko, har a kai inda ayari zai cinye duk abin da yake ɗauke da shi. Jirage masu saukar ungulu sun fi kowa ci, ga shi zafi yana rage musu ƙarfi: iska mai zafi ba ta da kauri, don haka jirgin da zai ɗaga sojoji goma sha biyu da asuba ba lallai ya ɗaga su da azahar ba. Shi ya sa ake kafa ƙananan wuraren shan mai a gaba, a ajiye manyan jakunkunan roba cike da man jirgi, kuma kowane irin wuri sai an ba shi masu gadi, su ma masu gadin sai an kai musu ruwa.

Ruwan ne ya fi tsanani a duwatsun Adrar na Ifoghas, inda aka yi faɗa mafi zafi daga tsakiyar Fabrairu zuwa Maris. Mayaƙan sun zaɓi kwarin Ametettai ne saboda akwai rijiyoyi a ciki, ga duwatsun da ke ɓoye su daga jirage. Masu kai musu hari kuwa kowane ɗigo sai an kawo musu. Zafi yana haura digiri 45, soja yana tafiya a ƙasa da kaya masu nauyi a bayansa, yana buƙatar wajen lita goma a yini. Mutum dubu tan goma ke nan kullum, kusan lodin jirgin Transall guda a irin wannan zafi da irin wannan titi, ruwa kawai, ba abinci ba harsashi. Takalman sojoji da dama sun ɓare a kan duwatsu masu zafi, sai da aka nemo wasu. An shiga kwarin ta fuska uku: Faransawa masu motocin sulke ta yamma, sojojin Cadi ta gabas, sojojin lema a ƙasa ta kan duwatsun arewa, inda masu tsaron kwarin ba su zaci mutum zai iya bi ba. Ranar 22 ga Fabrairu Cadi ta rasa sojoji 26 a faɗa guda. Su ma mayaƙan lissafin bai bar su ba: Aljeriya ta sanar da rufe iyakarta tun 14 ga Janairu, kuma motar da ba ta da mai a hamada ba ta fi dutse amfani ba.

Sojojin Cadi, wajen 2,000 ƙarƙashin Janar Oumar Bikimo tare da Mahamat Idriss Déby a matsayin mataimaki, sun taru ne a Nijar suka shiga Mali ta gabas, sojojin Nijar su ma suka tsallaka ta wannan ɓangare zuwa yankin Ansongo da Gao. Wannan ya buɗe fuska ta biyu, kuma ya nuna abin da taswira ta daɗe tana faɗa: Gao ta fi kusa da Yamai, wajen kilomita 450, fiye da Bamako. Tafiyar Cadawa irin tasu ce tun yaƙinsu da Libiya a 1987, ƙananan motocin Toyota masu bindiga a baya, kowace da gangar manta da ruwanta. Irin wannan runduna tana cin ƙasa da sauri kuma wutsiyarta, wato ayarin da ke kai mata kaya, gajera ce. Farashinta shi ne ba sulke, don haka ranar da aka yi gaba da gaba da wanda ya haƙa rami ya jira, da jini ake biya.

A gefe guda ga rundunar Afirka ta Yamma. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ita ranar 20 ga Disamba 2012, sojoji 3,300, kuma ba a sa ran za ta shirya ba kafin Satumba 2013. Faɗuwar Konna ta sa aka yi gaggawa, aka naɗa Manjo Janar Shehu Abdulkadir na Najeriya kwamanda, rukunin farko daga Togo da Najeriya suka sauka Bamako ranar 17 ga Janairu. Ba ƙarancin mazaje ne ya jinkirta ta ba. Yawancin ƙasashen ba su da jiragen da za su kai bataliya da motocinta, ba su da rumbun da zai ciyar da ita wata uku a wata ƙasa, kuma kuɗin tafiyar sai da aka yi taron neman gudummawa a Adis Ababa ranar 29 ga Janairu. Hatsarin ma tun daga gida yake farawa: ranar 19 ga Janairu an kai wa ayarin sojojin Najeriya masu shirin tafiya Mali hari kusa da Okene a Jihar Kogi, aka kashe biyu, ƙungiyar Ansaru ta ce ita ta kai. Duk da haka aikin da rundunar ta yi ba ƙarami ba ne. Sojojin Burkina Faso da suka karɓi gadar Markala sun 'yantar da Faransawan da ke wurin su yi gaba. Wannan ita ce matsalar duk mai saurin ci gaba: kowace gada da kowane fili da ya kama sai ya bar mutane a kai, rundunarsa tana raguwa yayin da hanyarsa ke ƙara tsawo. An ga haka a Gao, inda aka kai harin ƙunar baƙin wake ranar 8 ga Fabrairu, mayaƙan MUJAO, wata ƙungiyar masu iƙirarin jihadi, kuma suka kutso cikin gari bayan kwana biyu, alhali ƙarfin rundunar ya karkata arewa.

A ganina abin da aka yi a 2013 caca ce da aka yi da ido buɗe. An tura sojoji gaba da abin da bai kai ajiyar da littafin soja ya tanada ba, an dogara da cewa abokin gaba ba shi da jirgi, ba shi da makamin da zai kakkaɓo jiragen dakon kaya, kuma gudu yake yi. An kuma yi sa'ar lokaci: Janairu zuwa Maris rani ne, ƙasa a bushe. Da a watan Agusta ne, lokacin da koramu ke cika, burji ya zama taɓo, yankin Mopti ya zama fadama, da ayarin da ya bi ta Lere bai kai Tumbuktu a kwanakin da ya kai ba. Wanda ya ɗauki wannan yaƙi a matsayin hujjar cewa ƙaramar runduna mai sauri ta isa, ba tare da ya ƙirga sansanonin Njamena da Abijan da jiragen aro ba, bai karanta lissafin duka ba.

Akwai kuma sharaɗin da ba a rubuta shi a lita ko tan ba, wato yardar masu ƙasar da hanya ta ratsa. A 2013 Senegal da Kodebuwa da Burkina Faso da Nijar da Cadi duk a buɗe suke. A Nuwamba 2021 ayarin kayan sojan Faransa mai motoci wajen ɗari da ya taso daga Abijan zuwa Gao ya maƙale kwanaki a Kaya ta Burkina Faso saboda masu zanga-zanga sun tare hanya, da ya shiga Nijar kuma aka sake tare shi a Tera ranar 27 ga wata, inda mutum uku suka mutu. Ba nakiya ba ce ta tsayar da shi, ba kwanton ɓauna ba, jama'ar gari ne a tsaye a kan kwalta. Faransa ta kammala ficewa daga Mali ranar 15 ga Agusta 2022, mafi yawan kayanta suka bi ta Nijar.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ita ma Nijar ta ce sojojin Faransa su fita. Hanya mafi sauƙi ga sojoji wajen 1,500 da kayansu ita ce ta Gaya zuwa tashar ruwan Kwatano, amma iyakar Benin a rufe take. Sai ayarin suka juya gabas, tun daga 10 ga Oktoba, suka bi babbar hanyar da ta ratsa ƙasar Hausa ta nufi Damagaram da Diffa, suka zagaya Tafkin Cadi zuwa Njamena: sama da kilomita 1,600, kimanin kwana goma, da rakiyar sojojin Nijar. Njamena kuma ba bakin teku ba ce, kaya masu nauyi suna da sauran doguwar tafiya zuwa Duwala. Sojan ƙarshe ya bar Yamai ranar 22 ga Disamba.

Fita ta fi shiga wuya, don komai yana juyewa. Mai shiga ƙarfinsa ƙaruwa yake yi kullum, mai fita raguwa yake yi, kuma kowa ya san ranar tafiyarsa da hanyar da zai bi. Ana fara kwashe abin da ba a buƙata, a rufe ƙananan sansanoni a tattaro su babba, a bar masu gadi da likitoci da masu neman nakiya zuwa ƙarshe, abin da ba ya ɗaukuwa a lalata shi. Rundunar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Mali ta gamu da mafi munin wannan a Kidal. Ayarin da zai kwaso kayanta bai samu izinin tasowa daga Gao ba, jiragen da za su yi mata rakiya ta sama su ma ba a ba su izinin tashi ba. Ranar 31 ga Oktoba 2023 sojojin kiyaye zaman lafiya 848, daga Cadi da Gini da Masar da Bangaladash da Nepal, suka fito a motoci 143, ayari mai tsawon wajen kilomita tara, bayan sun lalata kayan da ba za su iya ɗauka ba. Sun taka nakiya sau shida, mutum 37 suka buƙaci kulawar likita. Sun isa Gao ranar 7 ga Nuwamba: kilomita 350 a mako guda, wato wajen 50 a yini. 'Yan tawayen Abzinawa sun shiga sansanin da suka bari a ranar da suka fita, sojojin Mali kuma suka karɓe garin Kidal ranar 14 ga Nuwamba.